Akwatin Hakim

Mati wanzami ya riga ya wasa wuƙar lokacin da surukarsa Sakinatu ta suri jaririyar, ta shige ɗaki ta sa sakata. Ranar suna ce, gida cike da mutanen garinsu Wad Haddad na ƙasar Sudan, har an fara zagayawa da shayi.

Kunya kamar ta kashe shi. A gidansu duk ɗiyar da aka haifa sai an yi mata tsaga uku a kwiɓin dama, kuma da wuƙar Hakim, ba da aska ba. Sakinatu kuwa ɗiyarta ta fari tsagar ce ta ruɓe ta tafi da ita. Mijinta Jibo, ɗan Mati, ya yi mata alkawari ba za a ƙara ba, sai ga shi yau shi ya ɗauko wa ubansa tabarma.

Wa bai san labarin Hakim ba? Likita ne Ba'amurke, gwanin fiɗa, da ya biyo sojan Turkawa tun kafin a haifi kowa a garin. Kakan Mati, Sodangi, yana kan hanyar hajji matarsa Sabuwa ta kwanta ciwo, ya kai ta wurinsa. Sau uku Hakim ya yi mata fiɗa har ta tashi, sannan ya ba Sodangi akwatin wuƙaƙensa saboda ƙauna. Da akwatin nan gidan ya yi suna a wanzanci, shi ya sa ake yi wa 'ya'ya mata irin tabon Sabuwa don neman albarka.

Mati ya taso ya tarar da kakarsa Sabuwa, tsohuwa mai tafiya a karkace, ba ta cika magana ba. In an buɗe akwatin takan fita tsakar gida, in za a yi tsaga takan fuskanci bango. Aka ce tsabar girmamawa ce. Ciwon da ta yi kuwa, wani ya ce ƙari ne, wani ya ce saifa.

Mati ya rantse: ko tsaga, ko Jibo ya sallami matarsa. Jibo, bawan Allah, ya kasa ko zuwa gonar auduga. A ƙarshe ya roƙi ubansa su je garin Dinder wurin Inna Fadimatu, ƙanwar Sabuwa, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga Hakim da idonsu. Duk abin da tsohuwar ta yanke, Sakinatu ta yarda za ta bi. Mati ya ce kwayyis, ya yi kyau, har da murmushi. Ya naɗe akwatin a sabon zane, suka hau lori su uku da jaririya.

Suka same ta a kan angarib, gadon igiya, a inuwa, ido ya tafi amma baki na nan.

"Maigidana, sai yau ka tuna da tsohuwar matarka?"

Mati ya yi dariya, ya bayyana abin da ya kawo su, ya aza mata akwatin a cinya. Ta shafa murfin, ta janye hannunta da sauri.

"Ke kika gani, Inna. Gaya ma yarinyar ga ciwon da Hakim ya warkar."

Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajen Mati.

"Ɗiya nawa kunka yanka da wannan?"

"Duka," in ji Mati da alfahari. "Ba mu tsallake ko ɗaya ba."

Hawaye ya gangaro wa tsohuwar. Ta miƙa hannu tana laluben jaririyar, Sakinatu ta ba ta, ta rungume ta sosai.

"Yaya Sabuwa ta hana ni faɗi don kar ku tsani kakanku, ni kuma na yi shiru, Allah ya yafe min. Wane ciwo, Mati? Ranar da Sodangi ya kai ta, tare munka dawo daga rijiya, tulu a kanta, lafiyarta lau. Hakim mutum yake nema ya gwada fiɗa a kansa, Sodangi kuma wuƙaƙe yake so. Akwatin ga shi ne kuɗinta."