Sawun da ke Cikin Kunyoyi

Limbikani ya tsaya a bakin gonar da fartanya a kafaɗa, ya kasa shiga. Mako uku kacal ya yi a garin Mchinji yana aikin bulo, amma kunyoyin da ya bari ba su ne waɗannan ba. An farke su an sake rufewa, ga kuma sawun ƙananan ƙafafu daga wannan kai zuwa wancan.

Ya miƙa hannu zai tona, sai ya janye. Kowa ya san wanda ya taɓa sammun da aka binne, a jikinsa zai tashi.

Gonar ba tasa ba ce. Kamar kowane mijin da ya tare a ƙauyen matarsa, ƙasar dangin matarsa Tadala yake nomawa. Bara masararsa ta tsaya iya gwiwa, ganyenta duk fararen layuka, alhali bai rage mata takin zamani ba. Malume Chimwaza, kawun Tadala, ya duba rumbun da ko rabi bai kai ba.

"Damina ɗaya na ƙara maka, suruki. In ta sake, ka san hanyar garinku. Yara dai namu ne."

Malamin gona ya murza ganyen ya ce ƙasar ce ta gaji. Akwai wani sinadari, zinki, da masara ke buƙatar ɗan mitsitsi, in babu shi ko buhu goma ka zuba a banza. Maganin shi ne takin dabbobi a cikin kunya kafin ruwa ya sauka.

Limbikani ko kaza ba shi da ita. Awaki goma sha biyu na gidan na Nangozo ne, uwar Tadala, wadda masararta ba ta taɓa sanin farin layi ba. To, suruki ba ya kallon idon surukarsa, balle ya roƙe ta. In sun haɗu a hanya, ɗaya ke ratsewa cikin ciyawa. Ita kuwa in tana da magana, awakinta take gaya wa, da murya yadda zai ji.

"Ku ci, 'yan albarka. Ku dai ba ku zo gidan mutane kun noma musu tsintsiya ba."

Ranar da ya dawo daga Mchinji ma tana zaune a bakin turken awakin, an share shi tas, tana dafe da ƙugu tana mitar ciwon baya. Ya kalli ƙafafunta daga nesa, ƙanana ne kamar sawun da ke gonar.

"Mamanki ta shiga gonar nan," ya ce wa Tadala.

"Ka ci tuwonka, baban Chisomo. Tsohuwar da ke tafiya da ƙyar?"

Ya shuka don ba yadda zai yi. Ruwa ya sauka, tsiro ya fito, shi kuwa hankalinsa ya ƙi kwanciya. Sau huɗu a yini yake zuwa yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya, yana neman farin layin da zai raba shi da 'ya'yansa. Ya rame har wandonsa ya koma kamar na aro. Tsoro yake ji, kuma haushin tsohuwar ya cika shi.

Layin bai fito ba. Masarar ta wuce gwiwa, ta wuce kafaɗa, ta yi kore shar. Ya ce a ransa addu'arsa ce ta karya sammun.

Da ta yi goyo, Malume Chimwaza ya zo. Ya ratsa gonar yana latsa zangarniya, ya fito yana kakkaɓe riga.

"Ka ci gaba da zama da mu, suruki."

Suka biyo ta hanyar rafi, Limbikani na jin kamar ya tashi sama. Can sai kawun ya ja ya tsaya a gefen wata gona. Masarar iya gwiwa, kowane ganye da farin layi.

"Wane ragon ne kuma da wannan?"

Limbikani ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya hango wadda ke duƙe a ciki. Nangozo ce a gonarta, hannu ɗaya a ƙugu, bana ko kwando ɗaya na takin awakinta bai shiga ƙasarta ba, duk a kunyoyinsa ta binne shi.