Soso Biyu a Gefen Direba

"Kama nan, Guntuwa," in ji Yaya. Ya sakar mini nauyin doguwar kujerar tsohuwar akori-kurar Baba, shi ya koma gefe yana kaɗa makulli.

Na kama. Tun ina sakandare ni ke wanke motar nan, na kuma riga shi samun lasisi. Amma in za a fita, shi ne a sitiyari, ni a baya da buhuna. Yanzu Baba ya daina tuƙi, ya ce a gyara kujerar kafin ya ba da motar. Kowa ya san wa zai ba. Ban yi kuka ba, don kada Yaya ya ji daɗi.

Mai ɗinkin kujeru ya yaye tsohuwar leda, ya shimfiɗa sabon soso. Jar leda ya ɗinka, irin wadda nake so, ga shi kuwa a ƙarƙashin Yaya za ta tsufa.

Da aka ɗaura kujerar, Yaya ya faɗa ciki da taƙama. Ƙum! Kansa ya daki rufi, hula ta faɗo.

"Malam, wane irin aiki ne wannan? Ka cika soso a gefen direba!"

"Yadda babanku ya ce haka na yi. Soso biyu, a kuma matso da kujerar gaba."

"Don me?"

"Cewa ya yi mai motar gajeriya ce."

Na miƙa wa Yaya hannu. "Makulli. Akwai wuri a baya."