Keken Ɗinkin Tsohuwa

Zazzaɓi ya kwantar da ni, da na dawo shagon gyara bayan kwanaki sai na nufi kwamfuta kai tsaye. Dokar maigidana ce, kayan da suka daɗe ba a karɓa ba, sayarwa ake yi. Kwamfuta ke nuna daɗewar, amma da ka taɓa layin kaya, sai ta sabunta kwanan watansa da kanta. Shi ya sa kullum nake taɓa layin keken ɗinkin wata tsohuwa da ke kwance asibiti, a ɓoye.

Na duba. Kwanan watan na yau ne.

Na waiwaya, maigida na ta goge tabarau.

"Kallon me kake yi? Hannuna ne ya zame."

"Daidai kan layinta, Baba?"

"Tsufa ne. Ɗauko tsintsiya."