Rigar Shekara Goma

"Kulle ƙofa, ga shi nan tafe!" in ji matata.

Danja ce ta tsayar da motarmu a ƙarƙashin gadar da marasa gida suke kafa tantuna a San Francisco. Wani daga cikinsu ne ya nufo mu, na danna makulli. Yanzun nan matata ta gama yi mini gori, wai albashina ya ninka na ubanta, amma kullum ina kukan babu. Bashin gida, makarantar yara da inshorar lafiya suna lashe shi tun bai kwana ba, ga shi ana ta rage ma'aikata a kamfaninmu.

Mutumin ya ƙwanƙwasa gilashi, amma bai miƙa hannu ba. Ƙirjina ya nuna, sannan ya nuna nasa. Shuɗiyar rigar sanyi ce a jikinsa, irin tawa sak, wadda kamfaninmu yake ba wanda ya cika shekara goma. Dauɗa kawai ta bambanta su.

Na sauke gilashin kaɗan.

"Ofishin hawa na tara, ko, ɗan'uwa?" Ya yi murmushi. "Kujerar nan ta bakin taga, har yanzu tana ƙara in an jingina?"

Bara aka ba ni kujerar. Tana ƙara.