Goyo Tsakanin Sama da Ƙasa

Na ga abin da ka yi ɗazu. Yarinya ta rarrafo ta kama ƙafarka, ka zame kamar an ɗora maka garwashi, wai don muna zaune. Ban ce ka yi laifi ba, haka muka tarar iyayenmu suna kunyar ɗan fari. Amma gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani dillalin shanu, mutum mai kwarjini, wanda in ya yi gyaran murya a kara, wato kasuwar shanu, sai ciniki ya tsaya cak. Allah ya ba shi 'yar fari, ya riƙe al'ada gam. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba, in ta kama dole sai ya ce "yarinyar nan". Ashe da ciwon zuciya aka haife ta. In ta daɗe tana kuka sai leɓɓanta su yi baƙi, numfashi ya sarƙe, ta sume. Tana cikin shekara ta biyu likitoci suka ce sai an kai ta Masar an yi mata aiki, ga uwar da tsohon ciki, ba ta isa shiga jirgi ba. Dole uban ya tafi da ita shi kaɗai. Likita ya ja masa kunne da magana ɗaya, ya ce duk yadda zai yi, kada ya bari kuka ya yi nisa a hanya. Uwar ta cika masa jaka da 'yar tsana da biskit da tsohuwar waya mai hotunan yara. Yana shiga jirgin kuwa sai ga 'yan kasuwar garinsu jere a kujeru, mutanen da suka saba rusuna masa in sun haɗu.

Jirgi ya ɗaga, kunnuwan yarinya suka toshe, ta fara ƙananan koke-koke. Gogan naka ya zaro 'yar tsana ya miƙa mata da gefen hannu, fuskarsa na kallon gaba, sai ka ce 'yar maƙwabta aka ba shi ajiya. Ta yi jifa da ita. Ya miƙa biskit, ta kaɗe. Wayar ce ta ɗan riƙe ta, ita ma ba a jima ba ta gundure ta. Sai ta buɗe baki ta tsala kuka na gaske, tana neman uwarta. Ma'aikaciyar jirgi ta kawo alawa, ta ƙi ko kallonta. Mutumin ya leƙa taga. Ikon Allah, babu abin da ke ƙasa sai rairayin hamada shimfiɗe iya ganin ido, ba gari, ba bishiya, balle asibiti. Wannan ba motar haya ba ce da za ka ce direba ya tsaya gefe. Ya juyo ya dubi bakin 'yarsa, ya ga leɓɓan sun fara duhu. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, shi da yake shiga tsakanin bijimai biyu suna karo ya raba su.

Duk lokacin da na zo nan a labarin sai tsigar jikina ta tashi. Mutumin nan ya cire hularsa ya kifa mata a ka. Ya cika kumatu da iska ya saki kukan bijimi, har na kujerar gaba ya zabura. Yarinya ta tsaya da baki a buɗe. Ya yi mata kukan maraƙin da aka raba da nono, ya yi na bunsuru, ya kafa yatsu biyu a goshi yana tunkuyin cikinta a hankali. Tana shessheƙa ta damƙi gemunsa ta ja, ya bar mata. Da ta gaji sai ta fara laluben bayansa, don ita tun da aka haife ta ba ta san barci ba sai a goye. Wata mata a kujerar baya ta gane, ta warware mayafinta ta miƙo. Ya tuɓe babbar riga, ya durƙusa a 'yar siririyar hanyar nan ta tsakanin kujeru, matar ta ɗora masa ita ta ɗaure. Ya miƙe da goyo, ƙato guda, yana kai gwauro yana kai mari daga gaban jirgi zuwa baya, yana jijjiga ta, yana cewa da murya ƙasa ƙasa, "Hansatu, Hansatu, yi shiru, ga Baba." A ranar 'yan garinsu suka fara jin sunan daga bakinsa. Babu wanda ya yi dariya. Wani dattijo a cikinsu ya ja gefen rawani yana share ido. Ana ta al'ajabin yadda gidan ƙarfe ke tafiya bisa gajimare ɗauke da ɗaruruwan mutane, ni kuwa al'ajabina ya fi tsayawa a kan abin da Allah ya ɓoye a ƙirjin uba. Numfashin yarinya ya daidaita, leɓɓanta suka washe, ta yi barci kumatunta manne da bayansa. Bai zauna ba sai da aka ce kowa ya ɗaura bel za a sauka, a nan ma a ƙirjinsa ya rungume ta. Ta isa da ranta, aka yi mata aikin, yau tana nan tana gudu a tsakar gida.

Da ya tsaya gyara kwarjininsa a ranar, da gawa zai sauko da ita. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.