Shirun Matar Mai Lambu

Tunda ka ce an yi maka shiru a gida kai ma za ka rama, zauna ka ji na wani tsoho mai lambu. Shekara arba'in yana tare da matarsa, 'ya'ya duk sun watse, daga shi sai ita. Wata safiya ya balbale ta da faɗa a kan koko ya huce, da rana jiri ya kayar da ita a bakin murhu. Bayan kwana uku ta miƙe, tana shara tana girki, amma magana ta ɗauke. In ya yi sallama sai ta buɗe baki, ta rufe, ta kau da kai. Gogan naka ya ce oho, gaba ce, ai shi ma ya iya! Ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure, yana cin tuwo shi kaɗai, yana ƙunƙuni da ƙarfi don ta ji. Kewarta na cinsa, girman kai ya hana shi leƙawa ciki, har wata bakwai.

Da 'yarsu ta zo ganin gida ta kwashe su zuwa babban asibiti, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar tsohuwa. Likita ta nuna masa wasu zare-zare a hoton, ta ce hanyoyi ne da saƙo ke bi a cikin kai, kuma ruwan da ke jikinsu ake bi a gano su: inda hanya take lafiya ruwan na bin tsawonta, inda ta lalace sai ya bazu ko ta ina. Wannan ai ba sai an koya wa mai lambu ba, shi da kullum yake bin ruwa a lambatu, inda ya ga ya malale ya san nan ne ya karye. Likita ta ɗora yatsa ta ce, "Baba, nan hanyar maganarta ta yanke. Ji kuwa, duk abin da aka faɗa tana ji." Ya tuno duk baƙar maganar da ya yi ta aika mata daga zaure. Ya waiwaya, ga ta tana buɗe baki, tana rufewa, har yanzu tana neman kiran sa. Tsoho ya durƙusa gabanta yana kuka, mutane na kallo, ko a jikinsa.

To kafin ka naɗe taka tabarmar, ka tuna abin da Hausawa suka ce: rashin sani ya fi dare duhu.