Gudan Jini a Ƙafar Direba

Kwana huɗu Direba ya yi a hanya, zaune a bayan sitiyarin babbar mota, ba ya sauka sai shan mai. Da ya iso gida, takalminsa na hagu ya ƙi fita, sai da matarsa ta durƙusa ta ja shi da hannu biyu.

"Baban yara, dubi ƙafar nan. Ta yi biyun 'yar uwarta."

"Ita ke taka kuloci, dole ta fi ƙiba," ya ce yana dariya.

Washegari kumburin ya wuce gwiwa ya kai cinya. Fatar ta yi sheƙi, ta ɗau zafi rau. Matar ta matsa masa lamba, har yayansa ya zo da mota ya kai su asibiti.

Aka ɗauki hoton ƙafar, likita ta daɗe tana kallonsa. Can ta cire tabarau.

"Jini ne ya daskare a babbar jijiya, tun daga bayan gwiwa har matsematsi. Yau za mu kwantar da kai, mu fara allurar tsinka jini. Da yake gudan babba ne, gobe za mu zura siririn bututun roba ta bayan gwiwa, ya bi jijiyar har inda jinin ya tsaya, ya zuba maganin da zai narkar da shi. Ba yanka ba ne, 'yar huda ce."

"Idan ba a yi ba fa?" in ji matar.

"Yana iya ɓallewa ya je ya toshe huhu. Kuma don Allah, kada wanda ya matsa ƙafar nan."

Suna fitowa baranda Yaya ya ja ƙaninsa gefe.

"Roba a cikin jijiya? A kan kumburin ƙafa? Bara da na yi targaɗe, zama ɗaya mai tausa ya miƙar da ni."

"Yaya, ai cewa ta yi kada a taɓa..." in ji matar.

"Ke, ƙanina ne fa. Na riga ki saninsa."

Akwai lodi ranar Asabar, kuma Direba ya san in ya kwanta, wani za a miƙa wa makullin motar. Ya koma ciki, ya karɓi biro ya sa hannu cewa shi ya sallami kansa. Nas ta bi su har bakin ƙofa tana ba shi baki, bai waiwayo ba.

Da hantsi suka shiga ɗakin mai tausa. Tabarma ce ɗaya da kwalaben mai a jere jikin bango. Mutumin ya lakato mai, ya kafa manyan yatsunsa a dambubu, ya riƙa turawa sama da iya ƙarfinsa.

"Jijiya ce ta hau wata. Yanzu za ta sauka."

Direba ya cije leɓe, gumi na tsiyaya. Da aka gama ya miƙe, ya ce ya ji dama-dama. Yaya ya dubi matar ya ɗaga gira.

Taku uku ya yi ya dafe ƙirji.

"Ku buɗe taga."

Tagar a buɗe take.

Ya yi tari, jini ya ɗiga a hannun rigarsa. Numfashinsa ya koma sama-sama, leɓunansa suka canza launi. Suka kinkime shi zuwa mota. Yaya na ta danna oda a cunkoso, matar na riƙe da kan mijinta a cinya, tana kiransa, yana kallonta ba bakin amsawa. Kafin maigadi ya ɗaga ƙarfen ƙofar asibiti, hannunsa ya saki nata.

Likitar ta fito da gudu, ta yi abin da za ta iya. Daga bisani ta ja zane ta rufe masa fuska. Yaya ya sulale ƙasa a gindin bango. Matar ba ta dube shi ba, tana tunanin abin da za ta faɗa wa 'ya'yanta uku idan sun taso daga makaranta.

Jama'a, ƙafa ɗaya da ta kumbura da zafi, musamman bayan doguwar tafiya ko doguwar kwanciya, ba ta tausa ba ce, ta asibiti ce. Idan likita ya ce a tsaya a yi magani, kada tsoro ko shawarar wanda bai sani ba ta fitar da ku.